Harsashin Cikon Hannu: Wa Yake Fara Samu?

 

Maganar yau ta taso ne daga saƙon murya da wani dattijo ɗan kasuwa ya aiko mana daga wajen Galabat. Ya roƙi kada a faɗi sunansa, don haka Alhaji kawai zan ce. Yana da tsohuwar libarba da ya gada a wurin mahaifinsa, irin ƙaramar bindigar nan mai juyi da muke ce wa tabanja. Wani ya kawo masa harsasai masu shafaffen kai, ya ce an sake cika su da hannu, an "ƙara musu wuta". Tambayar Alhaji ita ce: da gaske sun fi na kamfani ƙarfi?

Alhaji, yana yiwuwa sun fi. Abin da mai tallan bai gaya maka ba shi ne wanda ƙarfin zai fara samu.

Tun da wuri in faɗa, ba za ku ji awon komai daga bakina ba, wannan shiri ba ya koyar da cikon harsashi. Dokar makamai da harsasai ta Sudan ta 1986 ta ɗora mallakar bindiga a kan lasisi, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma bai shafe ta ba. Sai dai mun san halin da ake ciki. Tsakanin ɓarayin shanu da 'yan shifta na yankin Fashaga, mutane na riƙe abin da suke riƙewa, jabakana ta yi tsada, masu tsintar kwanso su sake cikawa sun sami kasuwa. Gara mu yi maganar a fili.

Idan aka ja kunama, albarushin da ke cikin kwanso yana kamawa ne ya zama iska mai zafi cikin ƙiftawar ido. Iskar nan ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba. Yadda take tura dalma waje, haka take tura bangon ƙarfen da ke cikin tafin hannunka. Direbobin lori za su fi kowa gane wannan. A ma'aunin da mai faci ke gwada iska da shi, tayar babbar mota tana ɗaukar wajen 100. Harsashin libarba mai lamba .38, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a duniya, iyakar da masu ƙera makamai na Amurka suka yanka masa a wannan ma'aunin 17,000 ce. Ninki 170 ke nan. Duk wanda ya taɓa ganin tayar lori ta fashe a tasha, sai ya yi lissafin da kansa.

Kuma matsin ba ya hawa daidai da abin da aka ƙara. Albarushin zamani, idan matsi ya ƙaru, ƙonewarsa na ƙara sauri, saurin kuma ya sake ƙara matsin. Shi ya sa ɗan ƙarin da ido ba zai gani ba yake iya tsallake iyaka nesa. Akwai wani tarko kuma. An fito da .38 ne a 1898, lokacin ana amfani da baƙin albarushi irin na bindigar toka, mai cin wuri, saboda haka aka yi kwanson da zurfi. Na zamani, wanda wani Bafaranshe Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884, kaɗan ake sawa. Mai ciko zai iya zubawa sau biyu bisa mantuwa, kwanson bai cika ba balle ya zube ya ankarar da shi. Daga waje, harsashin da aka yi wa zubi biyu da lafiyayye kamarsu ɗaya.

Yanzu ga naka, Alhaji, masu shafaffen kai. Turawa na ce musu wadkata. Ba don daji aka yi su ba, don gasar harbin takarda ne, saboda shafaffen kan yana huda takarda tsaf kamar an yanka da almakashi, alƙalin gasa ya ƙirga maki ba gardama. Dalmar mai laushi ce, nauyinta bai cika giram 10 ba, tafiyarta mita 200 da 'yan kai a daƙiƙa, wanda a wurin harsashi tafiyar hawainiya ce. Da gangan aka yi hakan. Ana tura dalmar ne can cikin kwanso har ta kusa ɓacewa, wurin da ya rage wa iska ɗan kaɗan ne, ƙari kaɗan sai matsi ya yi sama. Da yawansu kuma gindinsu rami ne, kamar ƙaramin kofi. In aka matsa musu fiye da kima, kan yana iya tsinkewa ya fita, ya bar zoben dalma maƙale a cikin bututu. Mai harbi ya ji ƙara, ya ga hayaƙi, ya ɗauka komai lafiya. Harbi na biyu ne zai tarar da hanya a toshe.

Wani zai ce ai Turawa na yi. Suna yi, da sikeli mai auna abin da bai kai ƙwayar dawa ba, da littattafan awo da aka gwada a ɗakin bincike, kuma duk da haka bindigogi na fashe musu. Elmer Keith, wani makiyayin shanu na yammacin Amurka da ya yi suna a wannan harka, tun yana saurayi libarba ƙirar Colt ta tarwatse a hannunsa garin neman ƙarin ƙarfi. Da kamfanin Smith & Wesson ya ga mutane sun nace, sabuwar bindiga ya ƙera mai kaurin ƙarfe a 1935, wato .357 Magnum, wadda iyakarta a yau 35,000 ce. Aka kuma ƙara wa kwansonta tsawon kamar milimita 3, don kada ya shiga tsohuwar .38 ko da wani ya yi kuskure. A Ingila ma tun 1813 akwai gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake harba sabuwar bindiga da abin da ya fi ƙarfin aikinta, ba kowa a kusa, in ta tsira a buga mata hatimi. To, libarbar da ta shekara hamsin a ƙarƙashin katifa, ko bututun famfo da maƙeri ya lanƙwasa wa gindi, wa ya gwada su?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganar nan ta "na harba sau biyar, ba abin da ya faru". Ƙarfe na gajiya. Kowane harbi mai nauyi yana buɗa tsagar da ba a gani, har ranar da zai ce ya isa. Kwanso ma haka, duk cikon da aka sake yi masa yana ƙara masa rauni. Ga zafinmu na bazara, da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Harsashin da ya wuni a gaban mota cikin rana, matsinsa ya fi na wanda ya kwana a inuwa.

Ga wata illa da ba ta da ƙara. Masu ciko kan fasa tsohon batirin mota su narka dalmarsa, wani lokaci a tsakar gida, a murhun da ake dafa asida. Ƙurar dalma guba ce, yara ƙanana ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. 'Yan'uwanmu na Zamfara a Nijeriya sun ga wannan a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400.

Alhaji, ga shawarata, da girmamawa. Kada ka gwada ko ɗaya, kada ka ba yaro ya gwada maka. Kada a buɗe su da wuƙa, kada a jefa su a wuta ko a shara inda yara ke tsince-tsince. A miƙa su ofishin 'yan sanda mafi kusa. Kuɗin da ka biya ya tafi, ka yi haƙuri, bai kai kuɗin yatsa ɗaya ba. Makiyayin da ya rasa babban yatsa, tatsar nono ma sai an yi masa.

Duk wanda kuma ya ji ƙarar harbinsa ta sauya, ta yi rauni ko ta yi wani iri, ya tsaya nan, kada ya sake jan kunama.

In kuwa tsautsayi ya riga ya faɗa, bindiga ta fashe a hannun wani, ku danne ciwon da tsumma mai tsabta, ku ɗaga hannun sama, ku ci gaba da dannewa. Kada a zare ƙarfen da ya nutse a jiki. Kada a zuba toka ko kashin shanu ko baƙin man inji, kashin shanu ma yana iya jawo ciwon sandarewar jiki da ake yi wa allurar tetanus. In ido ne, a rufe shi da ƙaramin kofi a ɗaure, ba murzawa, ba wankewa da ƙarfi. Sannan a kama hanya nan take, kada a jira gari ya waye. Daga Galabat zuwa asibitin koyarwa na Gadarif kilomita 150 ne da ɗoriya, wanda yake rugar da ke nesa da kwalta kuwa ya san abin da baƙar lakar nan tamu ke yi wa mota in ruwa ya sauka.

Layin saƙonninmu a buɗe yake. Alhaji, muna jiran mu ji yadda ka yi da su.