Lamba da Gurbinta a Cikin Fayil



Idan mai rubuta manhaja ya ware wa lamba gurbi mai bit 64, wato bayit 8, to ko da lambar 5 ce sai ta cinye bayit takwas ɗin nan cif, bakwai daga ciki sifili zalla. Kamar a ɗauko tirela don kai buhu ɗaya kasuwa ne. Ga shi kuwa yawancin lambobin da ke yawo cikin fayiloli da saƙonni ƙanana ne: tsawon wata kalma, yawan kayan da ke jere, da makamantansu. Shi ya sa aka ƙirƙiro hanyar rubuta lamba gwargwadon girmanta. Yau zan tsaya ne kan lambobin da suka fara daga sifili zuwa sama, waɗanda ba su da alamar debewa.

Kowane bayit bit takwas ne. Sai a ba lamba bakwai, na takwas ɗin, wanda ke can sama, a mai da shi tuta. Idan tutar na tsaye, akwai saura a gaba. Idan an sauke ta, lamba ta ƙare. Da haka bayit ɗaya zai ɗauki 0 zuwa 127, biyu su kai 16,383, uku su kai 2,097,151.

Mu gwada 300. Akwai 128 sau biyu a cikinta, saura 44. Ragowar ake fara rubutawa, a ɗaga mata tuta, wato a ƙara mata 128, ta zama 172. Sannan a rubuta 2. Shi ke nan, 172 da 2, bayit biyu a maimakon takwas. Mai karantawa ya ga 172, ya san akwai saura, ya cire 128 ya riƙe 44, ya ninka 2 da 128, ya haɗa. Wannan tsari shi ake kira LEB128. Da shi WebAssembly ke aiki, da shi Protocol Buffers na Google, wanda aka saki ga jama'a a 2008, kuma shi ne a cikin ƙunshin encoding/binary na harshen Go. Fayilolin kiɗa na MIDI ma haka suke yi, sai dai su babban ɓangaren suke sawa gaba, kuma ba sa wuce bayit huɗu.

Mu masu rubutu da Hausa ma muna da alaƙa da wannan tunani: a tsarin UTF-8, harafin k bayit ɗaya yake ci, ƙ kuwa biyu, haka ɓ da ɗ. Dokokin sun bambanta, amma dangi ne.

To, ba a cin riba kullum. Tunda kowane bayit ya ba da bit ɗaya ga tuta, lamba mafi girma mai bit 64 sai ta ci bayit 10. Wanda lambobinsa manya ne koyaushe, gara ya tsaya kan gurbi mai tsayayyen faɗi.

Inda nake so ku buɗe kunne shi ne wajen karantawa. Rubutawa layi kaɗan ne, ɗan aji ɗaya ma zai yi. Mai karantawa kuwa bai san wanda ya aiko masa da bayanan ba. Idan wani mugu ya jero bayit dubu, kowanne da tutarsa a tsaye fa? Dole a sa iyaka. Uvarint, mai karanta irin waɗannan lambobi a Go, ba ya yarda lamba ta wuce bayit 10, kuma na goman bai isa ya wuce 1 ba, domin tara na farko sun riga sun ɗauke bit 63. Idan bayanai sun yanke kafin tuta ta sauka, yana da amsar da yake bayarwa. Idan lamba ta yi ambaliya, amsar daban ce. A ganina wannan rarrabewa ta fi duk sauran aikin daraja, don wanda bayanansa suka yanke jira zai yi, wanda ya ga ambaliya kuwa watsi zai yi da saƙon.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Sifili ana iya rubuta shi 0, ana kuma iya rubuta shi 128 da 0, duka kuma su karantu a matsayin sifili. Lamba ɗaya, kama biyu. Idan manhajarku tana kwatanta bayit da bayit, ko tana sa hannun tsaro a kansu, sai ku ƙi karɓar doguwar kamar tun daga bakin ƙofa.

Wasu sun bi wata hanyar. Tsarin QUIC, wanda aka daidaita a 2021, yana amfani da bit biyu na farko ya faɗi tsawon lambar gaba ɗaya: bayit 1, 2, 4 ko 8. Mai karantawa ya san inda zai tsaya tun daga bayit na farko, amma lambar ba ta wuce bit 62.

Kafin mu shiga tambayoyi, kowa ya ɗauki biro ya rubuta 16,384 da tsarin da muka bi. Wanda ya samu 128, 128, 1, ya ɗaga hannu.