Ƙura Ce Mai Laifi, Ko Wanda Ya Ƙera?

*Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Malumfashi lokacin hutu*



Abin da aka nemi in yi magana a kansa ƙaramin abu ne a ido, wato madannan haruffa na kwamfutar tafi-da-gidanka, abin nan da muke kira kibod. Wataƙila wani ya ce me ya haɗa manomin auduga da masara da wannan zance? Abin da ya haɗa su shi ne kuɗin. Yawancin kwamfutocin da ke cikin jakunkunanmu da buhunan masara da waken soya aka saye su, waɗanda iyayenmu suka kai kasuwar Funtua ko Dandume ko Bakori. Tun 2015 kuma jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, har ana koya wa ƙannenmu amsa ta da 'yan haruffa kaɗan kacal. In ɗaya daga cikin haruffan nan ya maƙale, wahalar shekara na iya tafiya a banza. Ashe kuwa tambayar ta shafe mu: idan madanni ya lalace ba tare da an yar da kwamfuta ko an zuba mata ruwa ba, wa zai ɗauki asarar?

Don kada mu yi ta zance a iska, bari in kawo shari'ar da aka yi a kan wannan batu sosai. A 2015 kamfanin Apple na Amurka ya fito da wata MacBook siririya, ya sake fasalin abin da ke ƙarƙashin kowane harafi. A da, wasu 'yan sanduna biyu ne a gicciye kamar almakashi suke ɗaga harafin in an danna an saki. Sai ya maye gurbinsu da wani mai fukafukai biyu, ya raɗa masa sunan malam-buɗe-littafi, ya ce ya fi na da siranta da kashi 40 cikin ɗari. A 2016 ya sa shi a MacBook Pro, wadda ita ce ta ma'aikata da marubuta.

Ba a jima ba kuka ya tashi. Da yake tazarar da harafin ke nutsewa ta ragu ƙwarai, ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga sai ta tokare shi. Wani harafin ya ƙi fita, wani ya fito sau biyu, wani ya liƙe. Daɗin daɗawa, an ɗaure kibod ɗin da ƙusoshi a jikin murfin sama, an kuma manne batir a jikin murfin nan, saboda haka gyaran harafi ɗaya yakan kai ga sake murfin ɗungurungum, a kan ɗaruruwan daloli ga wanda garantinsa ya ƙare. Shawarar da kamfanin ya fara bai wa jama'a ita ce su karkata kwamfutar su fesa mata iska.

A nan muhawara ta rabu biyu, kuma adalci ne mu saurari kowane ɓangare. Masu kare kamfanin suka ce babu abin da hannun ɗan Adam ya ƙera wanda ba ya lalacewa. Suka ce masu saye ne da kansu ke neman na'ura siririya mara nauyi, kuma wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Suka ƙara da cewa mutane na cin abinci a kan kwamfutocinsu, ɓarɓashi na zuba. Kamfanin kansa ya tsaya a kan cewa kaɗan ne daga cikin masu amfani da ita suka gamu da matsalar.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar nan, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma ni ina tare da ɗaya ɓangaren, ga kuwa dalilina. Mai sayen rariya yana ganin hudojinta da idonsa tun a kasuwa. Mai sayen kwamfuta kuwa ba shi da hanyar ganin abin da ke ƙarƙashin harafi; wanda ya zana shi, ya gwada shi, shi kaɗai ya sani. Sannan an yi kwamfutar tafi-da-gidanka ne musamman don a fita da ita, a mota, a aji, a ofis, a gindin bishiya, kuma duk wuraren nan akwai ƙura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowa a zauren nan ya san in maƙeri ya yi maka garma ta karye a kunyar farko, ba zai ce laifin ƙasa ne da ta yi tauri ba, domin saboda ƙasar aka yi garmar. Zai karɓa ya sake maka, in yana son ka dawo baɗi.

Abin da kamfanin ya aikata daga baya ya fi abin da ya faɗa bayyana gaskiya. A watan Yuni 2018 ya buɗe shirin gyara kyauta na shekara 4 daga ranar da aka fara sayen kowace kwamfuta. A shekarar nan kuma ya sa wata 'yar fatar roba a ƙarƙashin haruffa. A watan Maris 2019 ya ba da haƙuri a bainar jama'a. A watan Mayun 2019 ya fito da sababbi, ya kuma sa su cikin shirin gyaran tun ranar fitowarsu. A ƙarshen 2019 ya fara komawa ga almakashin da ya bari, zuwa Mayun 2020 ya daina malam-buɗe-littafi kwata-kwata.

A gefe guda kuma masu saye sun haɗa kai tun 2018 sun kai ƙara kotun tarayya a Kalifoniya. A watan Yuli 2022 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 50 a kashe maganar, ko da yake bai amsa laifi ba. Alƙali Edward Davila ya tabbatar da sulhun a 2023. Aka tsara cewa wanda aka sake wa kibod fiye da sau ɗaya zai iya samun har dala 395, wanda aka sake wa sau ɗaya har dala 125, wanda aka sake wa marfin harafi kawai har dala 50.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Wannan diyya ta waɗanda suka saya a Amurka ce. Wa'adin shekara 4 na gyara kyauta shi ma ya shuɗe. Ina waɗannan kwamfutoci suke tafiya in masu su sun gaji da su? Kowa ya san hanyar kayan gwanjo: daga jirgin ruwa zuwa Computer Village a Ikeja, daga nan zuwa Kano da Kaduna da Zariya, har su iso shagunanmu. Galibinmu ba sabuwa muke saye ba. Wato na'urar da ƙurar ofis mai sanyi ta gagare ta a ƙasarta, ita ce za ta zo ta tari hunturun Malumfashi, lokacin da buji ke rufe gari, ana sussukar masara, motocin auduga na tayar da jar ƙasa. Wanda ya fara saye ya sami gyara da diyya. Ɗan manomi da ya saya a ƙarshe ya gaji aibin shi kaɗai. Na ambaci Apple ne don shari'arsa ce aka yi a fili, amma hukuncin ɗaya ne ga kowane kamfani da kowace na'ura, ko famfon feshi ne ko injin ban-ruwa.

Shin ba mu da madafa ke nan? Muna da ita, har biyu. Ta farko ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, cikin Risala da Muhtasar, haramun ne mai sayarwa ya ɓoye aibin da ya sani, kuma wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba yana da zaɓin mayarwa. Dillalan shanu na kasuwanninmu sun san wannan ƙa'ida sarai. Ta biyu kuwa dokar ƙasa ce. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar da aka kafa a 1992. Dokar ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci da ya dace da aikin da aka yi shi dominsa, ta kuma ba shi damar mayar da kayan da ya gaza cikin wata 3. Hukumar ta sha bayyana cewa rubutun nan da ake yi a rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, bai fi ƙarfin doka ba.

Saboda haka ina ganin nauyin hawa-hawa ne. Mafi girmansa yana kan wanda ya ƙera, domin shi ya san cikin abin, shi ya ci ribar farko, kuma bai kamata alhakinsa ya tsaya a bakin iyakar ƙasarsa ba alhali kayansa sun ƙetare ta. Sai ɗan kasuwar da ya shigo da kayan. In ya san irin wannan ƙira tana da tarihin lalacewa ya yi shiru, ya ci amana, ko da ranar cinikin kowane harafi na aiki. Sai mu masu saye.

Namu rabon ba shi da wuya. Kada mu yi cinikin biri a sama. Kafin a biya, a buɗe shafin rubutu a danna kowane harafi sau da yawa, a nemi shekarar da aka ƙera kwamfutar, a tambayi masu gyara ko ana samun kayanta a Kano ko Zariya, ko kuwa sai an sake rabin jikinta. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin garanti a rubuce, domin alkawarin baka ba ya zuwa gaban hukuma. Mu kuma kiyaye ta daga ƙura gwargwadon iko, don kada a sami abin fakewa da shi.

Yayyenmu ma'aikata, ku naku ya fi namu nauyi. Ku ne ke rubuta takardar sayen kwamfutoci na makarantu da ofisoshi da cibiyoyin jarrabawa, da kuɗin jama'a. Ɗalibi ɗaya ba shi da ƙarfin ja da ɗan kwangila, amma mai sayen ɗari yana da shi. Ku sa sharaɗin gyara da samar da kayan gyara cikin yarjejeniya kafin a sa hannu, ku kuma riƙe wani abu daga cikin kuɗin har sai kayan sun ga hunturu ɗaya.

Daga ƙarshe, mu lura da abin da ya sa mutanen Amurka suka sami haƙƙinsu. Kamfanin bai motsa ba sai da 'yan jarida suka rubuta, masu gyara suka buɗe na'urar suka nuna wa duniya cikinta, masu saye kuma suka ajiye takardunsu suka shigar da ƙara tare. Mu kuwa in abu ya lalace sai mu ce tsautsayi ne, mu koma gida a sake sayar da wani buhun. Haƙuri halin kirki ne, amma haƙuri da kayan banza shi ke sa a ƙara kawo mana su. Ina ba da shawara ƙungiyarmu ta buɗe littafi, duk ɗalibin da aka sayar wa na'ura mai aibi ya rubuta irinta da inda ya saya da abin da ya faru, in sun taru mu kai kuka gaban hukuma da murya ɗaya.

Malam Shugaba, a nan zan dakata. Allah Ya sa albarka a gumin iyayenmu.