Zazzaɓin Gida a Ƙasar Japan

 

Yau tafiya za mu yi mai nisa, har ƙasar Japan. A zamanin nan akwai gidan da uwa ba ta taɓa wuce Kaduna ba, amma ɗiyarta tana karatu a wata uwa duniya. To idan ciwo ya same ta a can fa? Labarin da zan ba ku, mahaifiyar yarinyar ce ta ba ni, ta kuma yarda in faɗa, ban da suna.

Ɗalibar jami'a ce, aka zaɓe ta a shirin musayar ɗalibai, wato ta je can ta yi shekara guda sannan ta dawo ta ƙarasa a gida. Ta tashi a ƙarshen watan Satumba, kun san lokacin, damina na ban kwana, sauro kuwa ya cika gari. Aka sauke ta a gidan wata dattijuwa 'yar ƙasar. Da isarta aka kai ta ofishin hukuma ta shiga inshorar lafiya, domin dole ne ga duk baƙon da zai zauna fiye da wata 3. Kamar adashe ne, kowa na zubi, sai dai wanda ciwo ya kama shi ke ɗauka. Idan ka je asibiti kashi 30 cikin 100 na kuɗin magani za ka biya, asusun ya cika sauran.

Kwananta goma sai ga ciwon kai, ga sanyi har haƙora na haɗuwa. Dattijuwar nan ta sa mata abin auna zafi a hammata, ya nuna 39. Ta ba ta takunkumi ta rufe hanci da baki, domin su a wurinsu mai mura shi ke rufe baki don kada ya shafa wa jama'a, tun kafin zuwan korona haka suke. Suka tafi wani ɗan ƙaramin asibiti na unguwa, aka cire takalmi a ƙofa aka sa silifas. Likita ya zura ɗan tsinken auduga a hancinta ya gwada mura mai zafi, bai ga komai ba. Ya rubuta maganin saukar da zazzaɓi, ya ce ta sha ruwa, ta huta.

Nan fa nake so ku buɗe kunne. A cikin Japan sauro ya daina yaɗa maleriya tun farkon shekarun 1960. Waɗanda ake samu da ita a shekarun nan ba su kai mutum 100 a shekara ba, kuma duk daga waje suke shigowa da ita. Likita zai iya yin aiki har ya tsufa bai ga mai zazzaɓin cizon sauro ko ɗaya ba. Abin da mai kemis ɗin layinku zai gane tun daga ƙofa, ƙwararren likita a can ba zai kawo shi a ransa ba sai an ce masa daga inda aka fito. Ƙwayar cutar kuwa takan kwanta a jiki mako guda, biyu, har wata, kafin ta tashi. Irin wadda ta fi yawa a ƙasarmu ita ce mai saurin kisa, in an bar ta tana iya hawa kai cikin 'yan kwanaki.

Ita yarinyar jikinta ya ba ta cewa zazzaɓin gida ne. Amma ta yi shiru. Tarbiyyar da muka ba ta ke nan, ba a gaya wa babba aikinsa, balle likita, balle kuma namiji baƙo. Ga matsalar harshe. Ni dai a ganina kunya adon mace ce, amma a gaban likita ba wurinta ba ne. Sai a kwana na uku, da ta fara amai, ta rubuta sunan cutar a waya ta nuna wa dattijuwar. Suka koma, likitan ya rubuta takardar tura su babban asibiti mai sashen cututtuka masu yaɗuwa. Can ba a zuwa babban asibiti kai tsaye, wanda ya je ba takarda sai ya biya ƙarin kuɗi. Aka ɗibi jini, aka ga cutar, aka ba ta gado nan take. Maganin da aka ba ta irin Coartem ne da muke saye a nan, can sunansa Riamet, kuma sai a 2017 aka fara sayar da shi a ƙasar.

Saboda haka uwargida, in ɗanki ko ɗiyarki za su yi irin wannan tafiya, ki sa a rubuta musu takarda da Turanci: rukunin jini, ko akwai sikila a gida, maganin da jiki ba ya karɓa, da ranar da aka bar gida. Ki ja kunne cewa duk zazzaɓin da ya zo a watannin farko, a ce wa likita a gwada maleriya. Kada kuma a cika jaka da magunguna, abin da ya wuce na wata guda cikin wanda likita ya rubuta sai da takardar izini. Kilishi da dambun nama ma ki bar su a gida, hana shiga da nama suke yi.

Zaman asibitin ya ba ta mamaki. Babu majinyaci mai shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gado, babu kwanukan abinci daga dangi. Nas-nas ke yin komai, abinci kuma na asibiti ne. Wannan karon ta buɗe baki, ta ce ba ta cin naman alade, ba ta cin abin da aka sa wa giya, domin sukan zuba giyar shinkafa a girki. Suka gyara mata. Ta nemi mace ta riƙa duba ta, suka yi iya ƙoƙarinsu, ko da yake a ƙidayar 2022 likitoci mata ba su kai ɗaya cikin huɗu ba a ƙasar. Abincin mara lafiya a wurinsu shi ne okayu, shinkafa ce da aka dafa ta yi ruwa-ruwa, ba sukari ba madara, da wani ɗan itace mai tsami da gishiri a kai. Ta ce rannan ta yi kukan kunun gyaɗa.

Dubiya ma da dokokinta. Ba a cika ɗaki, ba a daɗewa. Ba a kai wa mara lafiya fure a cikin tukunyar ƙasa, domin kalmar yin saiwa a harshensu ta yi kama da ta daɗewa a kwance. Asibitoci da dama ba su da ɗaki mai lamba 4, saboda sunan lambar ya zo ɗaya da mutuwa, 9 kuma da wahala. Mu dai mun san camfi ne, amma baƙo ba ya raina al'adar masu gida. Abin da ya yi mata daɗi shi ne kalmar odaiji ni, kowa na faɗa mata, har mai shara. Ita ce “Allah ya ƙara sauƙi” tasu, ma'anarta ki kula da jikinki.

Da aka sallame ta, dattijuwar ta ce saura abu guda. Wanda ya warke shi ke kai 'yar kyauta ga waɗanda suka kawo masa wani abu lokacin jinya, kuma abin da ke ƙarewa ake bayarwa, kamar sabulu ko alewa, don ciwon ya wanke kada ya yi saura. Yarinya ta sayi sabulu ta bi ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Da ta gaya wa mahaifiyarta a waya, ita kuma ta sa aka dama koko da ƙosai aka raba wa almajiran unguwa.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.