Murnar Kwana Shida



Ranar 12 ga Disambar 2023 aka yi bikin naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko na sabuwar Dayosis ɗin Katsina, wadda aka cire daga ta Sakkwato. Katolikan jihar Katsina sun yi murna, ga ɗan gida mai wa'azi da Hausa.

Kwana shida kacal bayan haka, sai fadar Vatican ta fitar da takardar da ta yarda limamin coci ya sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka. Fafaroma Francis ne ya amince da ita. Takardar ta ce wannan ba ɗaurin aure ba ne, amma wa zai tsaya karanta wannan bayani a kasuwar Kankia? Bakatolike daga ƙauye, ko Tafashiya ko Kusada, ya kawo gero sayarwa, maƙwabcinsa Musulmi na yi masa tambayar da ba shi da amsarta. Kunya ta kama shi, alhali ba a yi shawara da shi ba. Bishop-bishop na Najeriya sun fito sun ce ba za a yi haka a cocinsu ba, sai dai magana zarar bunu ce.

Waɗannan Katolikan ƙauye fa su ne suka yi makokin Fada Alphonsus Bello, wanda 'yan bindiga suka kashe a Malumfashi a Mayun 2021, kuma ba su daina zuwa coci ba.

Shugabanni, ku riƙa jin ta bakin na ƙasa kafin ku yanke hukunci a sama.