Jawabi Kan Sanin Kaya Mai Aminci

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah gafarta malamai, iyayenmu da 'yan'uwa 'yan kasuwa.

An nemi mu ce wani abu kan kayan da muke saye da sayarwa a nan ƙasar Kurmi. To za mu fara da kyamara, don da yawanmu akwai hoton mahaifi rataye a ɗaki, an ɗauke shi shekara 40 da suka wuce, har yau ana ganin askar fuskarsa sarai.

Ku ɗauki Pentax K1000 ta Japan. An fara ƙera ta a 1976, ba a daina ba sai 1997. Jikinta ƙarfe ne, in ka ɗaga za ka ji ta a hannu. Batirinta awon haske kawai yake yi. Ko ya mutu ana tsakiyar suna, mai hoto zai ci gaba da aikinsa, don cikinta kamar agogon da ake wanawa yake. In ta samu matsala, mai gyara ya kwance ta, ya share, ya mayar. Allah Ya sa wa hannun da ya yi wannan aiki albarka.

Amma fa a lura. Daga baya da aka mayar da haɗa ta ƙasar Sin, murfin sama da na ƙasa suka koma roba, aka kuma cire sunan Asahi daga goshinta. Suna ɗaya ne, kaya biyu. Wanda bai sani ba zai biya kuɗin ta farko ya tafi da ta biyu.

Haka takalmin fata, wani ɗinki ne, wani gam aka shafa. Haka atamfa, sai an jiƙa bakinta ake sanin mai zuba.

Abin da ya dame mu, jama'a, yaranmu na shago yanzu komai "orijina" ne a bakinsu. Wallahi wasu ba ƙarya suke nufi ba, ba a koya musu ba ne. Alhali mun karanta tun a Islamiyya cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. Kuma mu baƙi ne a nan. In aka cuci mutumin gari, ba zai riƙe sunan yaron ba, cewa zai yi Bahaushe ya cuce shi, gobe mai goro da mai shanu su sha zargin.

Muna roƙon kowane maigida ya zaunar da yaransa, ya ajiye musu mai kyau da na banza gefe da gefe, su taɓa, su juya, su faɗi kuɗin kowane.