Tallafin Masu Buƙata ta Musamman Haƙƙi ne, Ba Bara Ba

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ina so mu taɓa wata magana da ke yawo a gari: wai masu neman tallafin naƙasa sun yi yawa, wai galibinsu lafiyarsu ƙalau, kuɗin banza suke nema. Wannan magana tana hana masu haƙƙi fitowa, shi ya sa ba zan bar ta ta wuce ba.

To, me ya sa layin rajista ya fi na da tsawo? Da farko, mutanen nan dama suna nan, ɓoye su ake yi a ɗaka, musamman 'ya'ya mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana da wata naƙasa. Na biyu, ƙofa ce ta buɗe. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, a 2020 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Idan mutum ya san yana da haƙƙi, dole ya fito nema. Na uku, naƙasa ba sai an haifi mutum da ita ba. Hatsarin babur, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da tsufa duk suna kawo ta.

Kuma ba kowace naƙasa ido ke gani ba. Kurma yana tafiya garau. Mai raunin gani da mai lalurar ƙwaƙwalwa ba su riƙe sandar gurgu. Likita ne ke tantancewa, ba mu da ke zaune a tabarma ba.

Wasu kuma suna cewa ai gwamnati ta ɗauke musu komai. Ina! Lokacin da Jihar Jigawa ta fara biyan alawus na wata-wata a 2007, naira 7,000 ne. Ku lissafa da kanku, kwano nawa na masara zai saya yau? Kuma ba kowace jiha ke biya ba, inda ake biya ma ba kowa ke samu ba.

Dokar 2019 ba ta tsaya kan kuɗi ba. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ce a fara sallamarsu a layi, ta kuma hana a sa su bara.

Mu a ƙungiya, ga abin da ya rage gare mu. Duk gidan da ke da mai naƙasa, a taimaka ya samu lambar NIN da takardar asibiti, a raka shi sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Kada ku damƙa wa ɗan hanya ko sisi, ko katinku, don wai zai sa suna. Mace mai naƙasa kuma a karɓe ta ta yi zubi, ta ci rance kamar kowa. Idan wurin taro ya yi mata nisa, mu matsa kusa da gidanta.

Yanzu kowace ta tuna: a unguwarku, wace ce ba ta zuwa taro saboda ƙafa, ido ko kunne? Mu rubuta sunayen kafin mu tashi, mu kuma zaɓi mata biyu da za su ziyarce su kafin zubi na gaba.