Dukan da ba ya barin tabo: yaranmu da wayar hannu

Yau mun ajiye farashin riɗi da na dawa, maganar gida za mu yi: yaran nan namu 'yan shekara 12 zuwa 18, da wayar da muka danƙa musu.

Mu dai muka ba su, kuma da dalili. Da yawanmu karatu bai zauna mana ba, saboda haka yaro ne ke tura kuɗi ta Bankak, shi ke karanta saƙon dillali, shi ke kiran likitan dabbobi. Wanda ya ga yadda ciniki ya tsaya cik a watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, ya san waya ta zama kayan aiki kamar sanda da igiya. Zancen a raba yaro da ita ma bai taso ba. Abin tambaya shi ne, me ake yi masa a cikinta in ba ma nan?

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 makarantu suka rufe. A watan Oktoban wannan shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne a Sudan ba sa zuwa makaranta. A nan Gadarif kun gani da idonku yadda azuzuwa suka koma ɗakunan kwanan waɗanda suka gudo, musamman bayan abin da ya faru a Wad Madani a Disamban 2023 da Sinja a tsakiyar 2024. Yara suka wuni ba aji ba malami, sai dandalin wasansu ya tashi ya koma WhatsApp da Facebook da TikTok. Ko inda aka sake buɗe makaranta, waɗannan zaurukan na nan ba su watse ba, kuma babu babba ko ɗaya a cikinsu.

Abin da ake yi a ciki, da Larabci ana ce masa tanammur. Mu cin zali muka sani. Amma cin zalin da muka sani a da yana da lokacin tashi: a tare yaro a bakin rijiya, a ƙwace masa sanda, magariba ta yi kowa ya nufi gida. Wannan kuwa har shimfiɗa yake bin yaro. A ɗauki hotonsa yana kwasar kashin shanu a mai da shi abin dariya, mutum hamsin su gani kafin gari ya waye. A naɗi muryarsa yana kwaɓa Larabci a yi ta yawo da ita. A cire shi daga zaure, a dawo da shi a zage shi, a sake cirewa. In ya yi magana a yi masa caa, in ya yi shiru a ce tsoro ya ji. Ba mu kaɗai ba ne: a 2019 UNICEF ta tambayi matasa sama da 170,000 a ƙasashe 30, ɗaya cikin uku ya ce an taɓa yi masa haka, ɗaya cikin biyar kuma ya ce har fashin makaranta ya yi saboda shi.

Sai dai namu na nan yana da wani dafi na daban, domin da sunan asali ake yin sa. Gadarif gari ne da ya tara kowa: Hausawa, Fulani, Shukuriyya, Bani Amir, Masalit, ga 'yan gudun hijirar Habasha a Um Rakuba da Tunaidba tun rikicin Tigirai na 2020. Yaron da kakannin kakanninsa suka zo ƙasar nan a kan hanyar Makka, ko suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, sai wani sa'ansa ya rubuta masa "Takari, koma ƙasarku". Shi ma ya juya ya samu wanda ya fi shi rauni, ya kira ɗan Madani "nazihi mai kwana a aji", ko ya yi wa ɗan Habasha gorin sansani. Kar ku ce maganar yara ce. A watan Yulin 2022, da rikici ya tashi a jihar Nilul Azrak, wajen Damazin da Rusairis, mutum sama da 100 suka rasu, zafin abin ya iso har Kasala da nan Gadarif, kuma kowa ya ga irin maganganun da suka riƙa yawo a wayoyi kafin nan da bayan nan. Yaran da ke zagin juna yau ba su ƙago kalmomin ba. A bakin manya suka tsince su, wani lokaci ma a tsakar gidanmu, muna shan shayi.

Wani zai ce ai wasa ne, mu ma mun yi. Gaskiya ne muna da wasa. Bafulatani da Babarbare sun daɗe suna tsokanar juna, taubasai ma haka, jika da kaka haka. Amma a wasan taubasai kowa na ramawa, kowa na dariya, kuma in ɗaya ya ɓata rai sai a bari. In ka ga mutum goma a kan mutum ɗaya, kullum shi ɗin dai, ya roƙa a bari an ƙi, to wannan ya tashi daga wasa.

To, ta yaya za ka gane? A nan makiyayi ya fi kowa sa'a, don aikinsa ke nan. Saniya ba ta ce maka ba ta da lafiya. Kai ne ke lura ta ware daga garke, ta daina tuƙa, kunnuwa sun sauka. Irin wannan idon za ka sa wa ɗanka. Yaron da ke rawar jiki in waya ta yi ƙara, yanzu in ta yi sai ya zabura, ko ya kife ta. Dare ya raba yana juyi, hasken waya na fita ta ƙarƙashin bargo. Tuwo ya rage. Abokin da kullum suke tare an kwana biyu ba a ji sunansa ba. Ka aike shi kasuwa ya ce ciki na ciwo, ko ya bi doguwar hanya don kar ya wuce ta wata rumfa. Yarinya mai yawan hira ta koma ƙuryar ɗaki, ta ce a canja mata layi ba tare da dalili ba. Ɗaya daga cikin waɗannan kan iya zama zazzaɓi ko ƙuruciya. In sun taru, akwai magana.

Kuma kar ka zauna jiran ya zo ya faɗa, da wuya ya zo. Mu muka koya masa kunya, muka ce namiji ba ya kai ƙara, ɗan Fulani ba ya nuna an ci masa rai. Ga shi yana da tsoro biyu: ka ƙwace wayar, ko ka haɗa masa da bulala. A lissafinsa gara ya sha zagin da ya yi asarar waya ya kuma sha duka. Wanda ke cin zalinsa ma ya san da wannan lissafin, da shi yake taƙama.

Saboda haka maganar farko da za ta fito daga bakinka ita ce komai. In ka fara da "wa ya aike ka?" ka rufe ƙofa ke nan. Ka same shi inda ba idon mutane, kan hanyar mashaya ko bayan an rufe shago, ba sai kun kalli juna ba. Ka ce, "Na ga kwanan nan ba ka da walwala. Ko wani ne ke damunka a waya? Ba zan karɓe ta ba." Ka kuma cika wannan alkawarin. In ɗan fari ne, kunya ta hana ku magana, ba laifi, ai shi ya sa Allah ya yi kawu da goggo da kaka. Ka zaɓi wanda yaron ke sakin jiki da shi ka ɗora masa.

Yanzu maganar 'ya'ya mata, iyaye mata ku matso. Akwai abin da ake kira ibtizaz. Wani ya samu hoton yarinya, ko ta tura masa da kanta bisa yaudarar zai aure ta, ko ya sata, ko ma ya haɗa fuskarta da jikin da ba nata ba, don yanzu wannan ba wuya. Sai ya ce ta turo kuɗi ko ƙarin hoto, in ba haka ba zai watsa wa dangi. Ku tuna a hannun wa lambar sirrin Bankak take. Ɗan kasuwa zai ga kuɗi na zurarewa kaɗan kaɗan ya ɗauka sata ce, alhali 'yarsa ce ke sayen rufin asiri. Ranar da abin ya fito, wallahi ranar ce ake gane uba. In ka yi mata duka, ka cire ta daga makaranta, ka aurar da ita da gaggawa, ka gama wa azzalumin aikinsa. Ita aka zalunta, ko da ta yi wauta. Kada a biya ko fam ɗaya, don wanda aka ba yau gobe zai dawo da farashi sabo. Kada kuma a goge saƙonnin cikin fushi. A ɗauki hoton fuskar wayar yadda lambarsa da ranar za su fito, a ajiye saƙon murya da shaidar tura kuɗi, sannan a toshe shi.

Da wannan shaidar ake zuwa wajen hukuma. Sudan na da dokar laifukan intanet ta 2018, wadda aka ƙara wa tsanani a 2020, ga dokar yara ta 2010 da ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. 'Yan sanda na da sashen kare iyali da yara, ku tambayi inda yake. Ku mutanen iyaka ku duba farkon lambar: 249 ta Sudan ce, 251 ta Habasha. In daga tsallake take, kama mai ita zai yi wuya, sai a dage da toshewa da kai ƙararsa a cikin manhajar kanta, a kuma sa wani babba ya riga shi sanar da dangi na kusa. Barazanar tonon asiri ba ta da kaifi a kan abin da uwa da uba suka riga suka sani.

Akwai 'yan abubuwa na riga-kafi da ba sa cin kuɗi. Wayar da za a bari wajen mai caji ranar kasuwa, ko wajen mai gyara, a kulle ta, a zare katin ajiyar hotuna. Wadda za a sayar a goge ta tas. A WhatsApp ana iya saitawa kada baƙo ya ga hoton yaro, kada kuma a jefa shi zaure ba da yardarsa ba. In ba ka iya ba, ka ce shi ya nuna maka, yaro na son a ce shi ne malami. Lambobi shidan nan da kan shigo ta saƙo ba a ba kowa su, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. Su kansu Facebook da TikTok sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, mu ne ke miƙa wa ɗan shekara tara.

Saura mai ɗaci. Duk yaron da ake zagi, ɗan wani ne ke zaginsa, kuma yana iya zama naka. In aka kawo maka ƙara kada ka ce ɗana ba zai yi ba, ka ce a nuna maka. In ta tabbata, ya goge abin da ya watsa, ya ba da haƙuri a cikin zauren da ya yi ɓarnar, a gaban waɗanda suka yi dariya. A nan ne karɓe waya na ɗan lokaci ke da ma'ana. Wanda ya tura gaba ma, ko ya sa alamar dariya, da hannunsa a ciki. Malaman allo su taimaka mana a nan: aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma yaranmu da yawa sun haddace ta. Kai kuma da aka zalunci ɗanka, kar ka tura yayyensa da sanduna. A garin da ya ga 2022, faɗan yara biyu na iya zama na ƙabila biyu kafin la'asar. Ka ɗauki dattijo, ko shehun unguwa, ko limami, ku je wajen uban yaron a yi judiyya yadda aka saba.

Da yawanku damina na yi za ku yi arewa da dabbobi, wasu kuma sai ku yi sati uku a Galabat kuna jiran kaya su tsallaka. Kafin ka ɗaura kaya, ka kira yaron da wanda ka bar wa amanar gida, ka faɗa a gabansu biyun cewa in wani abu ya taso a waya ga wanda za a gaya wa, kuma ba duka, ba ƙwace. In ka samu layi ka kira gida, bayan ka tambayi shanu da ciniki, ka ce a ba ka shi ku gaisa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.